Haƙora a Tasar Likita

Akwai wata farar tasa mai baƙin baki da aka yi yayinta a shekarun saba'in, kowane gida da ita, a zuba miya, a kai wa baƙo ruwa. Ni ba na ajiye irinta a gidana. In aka kawo mini abinci a cikinta a gidan biki sai in ce na ƙoshi. Jikokina suna cewa iyayin tsufa ne. Su yi ta faɗa, ba su san abin da na taɓa gani a cikinta ba.

A lokacin ina koyar da aji biyu a wata firamare a Kafanchan. Ɗakina ciki da falo ne a bayan layin dogo, inda hayaƙin jirgi ke baƙanta wanki tun bai bushe ba. Mijina soja ne. An gama yaƙin basasa amma aka bar shi can kudu a bariki, sai an ga dama a ba shi hutu. Ni 'yar wajen Samaru Kataf ce, shi kuwa daga wani ƙauye yake kusa da Nok. Yarenmu ba ɗaya ba, saboda haka da Hausa muka yi soyayya, da ita kuma danginsa suka ci mini mutunci daga baya. 'Yarmu ɗaya ce tal. Hannunta bai kai kunne ba tukuna in ta ɗora shi ta saman kai, don haka ba a ɗauke ta makaranta ba. Bina take yi aji, ta shige ƙarƙashin teburina da guntun alli tana zana kaji a ƙasa.

Cikina ya fara tasowa a hankali, ta gefe guda. Na ɗauka ƙiba ce. Daga baya zane ya daina zagayowa yadda ya saba. Na je ɗakin shan magani, aka ba ni maganin tsutsa. Na sha, na wahala a banza, ciki kuwa sai gaba yake yi. Mijina ya haura shekara bai zo gida ba, kuma duk unguwa an san haka, domin a Kafanchan ba a saukowa daga jirgi da kakin soja a ɓoye.

Matan zumuntar majami'armu suka fara gaishe ni da ido a kan cikina. "Malama, ina gajiya? Yaya jiki?" Ni kuma ban yi ciwo ba balle a tambaye ni jiki. Wata tsohuwa mai ƙaunata ta ja ni gefe bayan sujada ta ce in ce cikin mijina ne ya kwanta, yanzu ya tashi, ai ana yi. Na ce mata Mama, babu abin da ya kwanta, babu abin da ya tashi, ba ni da ciki. Ta dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa maƙaryacin da bai iya ba.

Wan mijina shi ne babba a gidansu. Manomin citta ne, dattijon ikilisiya a ƙauyensu, dogo, siriri, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma manta abin da aka yi masa. Baba nake ce masa. Tun farko bai so aurenmu ba, yana ganin macen da ke karɓar albashi ba ta durƙusa da kyau. Ya zo Kafanchan sayar da citta, ya biyo ta gidana, na kawo masa ruwa. Ya karɓa, ya dubi cikina, ya ajiye ruwan bai sha ba. Daga gidana gidan fasto ya wuce.

Aka kira ni gaban dattawa a ɗan ɗakin da ke bayan majami'a. Maza zalla, sai ni. Fasto mutumin kirki ne a ranar da ba a bukatar ƙarfin hali. Ya buɗe da addu'a mai tsawo, sannan ya tambaye ni ko ina da abin da zan furta. Na ce babu. Wan mijina ya ce, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "Ƙanina yana bakin aiki. Mata yana nan da ciki. Mu dai a faɗa mana na wane ne."

Na ce, "Baba, ba ciki ba ne. Ina ganin al'adata kowane wata."

Sai tari ya kama dattawa. Ɗaya ya dubi rufi, ɗaya ya dubi takalminsa. Can wani ya ce ai akwai matan da ke ganin jini da ciki. Mutumin da bai taɓa wanke ko tsumman jariri ba, shi ne yake koya mini jikin mace. Na ji kamar in tashi in kife teburin. Ban kife ba, na zauna aka yanke mini horo: bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji, ba waƙa a kwaya tare da mawaƙan majami'a, har sai na tuba.

Bencin baya bai dame ni ba, ya fi iska. Abin da ya biyo baya ne ya karya ni. Washegari da hantsi wan mijina ya dawo tare da matarsa, ya ce yarinya ta gidansu ce, ba za ta girma inda ake abin kunya ba, za su riƙe ta har ubanta ya zo. A al'ada haka ne, 'ya'ya na gidan uba ne, kuma ba wanda zai tsaya wa mace mai horo. Na yi ihu, na yi zagi da yarena da nasu da Hausa. Maƙwabta suka fito suka tsaya da hannu a ƙugu. 'Yata ta riƙe zanena, matar ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, tana ce mata za a je ganin 'yan aladu ne a dawo. Ko takalminta ba su tsaya ɗauka ba.

Daga ranar ba ni da wani buri sai ta dawo. Na je ƙauyen, aka ce ta tafi gona. Na sake zuwa, aka ce tana gidan wata gwaggo. Watannin haihuwa suka cika suka wuce, ban haihu ba. Na zaci hakan zai rufe bakin mutane. Ina! Sai aka ce na ɗaure cikin ne da magani don kunya.

Wata rana ina tsaye a gaban allo, wani ciwo ya soke ni a mara, na faɗi ina amai. Hedimasta ya tare motar katako, aka shimfiɗa ni a kan buhuna, aka kai ni wani asibitin mishan da ke bayan duwatsu. Ba zan faɗi sunansa ba, sun cece ni, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Likitan Bature ne, ya daɗe a ƙasar, yana jin Hausa irin ta littafi, tsaf-tsaf, ba ko gargada. Ya danna cikina, ya saurara, ya ce babu jariri. Ƙari ne a jakar ƙwai, ya girma ya yi nauyi, ya murɗe a kan jijiyarsa kamar kabewa a kan yaɗonta, jini ya daina shiga. In ba a yanka yau ba, gobe sai labari. Kafin su ɗora mini abin shaƙar maganin barci na riƙe hannun rigarsa na ce, "Likita, an ce cikin shege ne. An ƙwace mini 'ya." Ya ce kada in damu, zai wanke ni da kansa.

Asibitin nan yana da wata al'ada. A da mutane suna cewa Turawa buɗe ciki kawai suke yi su rufe, ko kuma su yanki naman mutum su ɓoye. Don a kashe wannan zance, duk abin da aka ciro daga jikin mara lafiya, tsakuwa ce, ƙari ne, ruɓaɓɓen hanji ne, sai a sa a tasa a fito da shi dangi su gani da idonsu. Mutane sun ji daɗin haka. Wasu ma sukan karɓa su je su binne. Ba wanda ya taɓa tambayar mai cikin ko yana so a nuna.

Na farfaɗo da ɗinki daga cibiya har ƙasa, cikina ya lafe. Na yi kukan daɗi. Likita ya aika a kira fasto da wan mijina, suka zo ranar ziyara da rana tsaka, ɗakin mata cike da masu jinya da masu dubiya, ana ta buɗe kwanukan pate da kunu. Suka tsaya a ƙafar gadona. Likita ya shigo da sauri kamar yaron da ya kama tsuntsu, wata sista na biye da shi da farar tasa an rufe da ƙyalle.

Ya ce, "Ku duba da kyau. Matar nan ba ta yi zunubi ba. Ga abin da ke cikinta."

Ya yaye ƙyallen. Ni ma a lokacin na fara ganinsa. Wata jaka ce an tsaga ta, cike da wani abu rawaya-rawaya kamar man shanun da ya daskare. A cikin man akwai gashi, baƙi, dogo, a dunƙule. Likita ya sa hantsaki ya ɗaga gashin, ya juya wani ɗan tudu a jikin jakar. Haƙora ne a jere, farare, a dashe cikin nama.

Wata mata a gadon kusa da ni ta janye jaririnta ta juya mini baya.

Shi kuwa likita fuskarsa sai walƙiya take. Ya ce shekarunsa da yawa yana tiyata, bai taɓa ciro mai girma haka da haƙora masu kyau haka ba. Masu kyau! Ya shiga bayani: ƙwan mace yana ɗauke da irin da ake gina mutum dukansa, wani lokaci irin yakan ɓata hanya, shi kaɗai ba namiji, ya yi ta ƙera fata da gashi da haƙori a cikin jaka, ba kai ba ƙafa. Ba ciki ba ne, ba shi da rai, ba laifin kowa ba ne. Na karanta bayanin a littattafai daga baya, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Sai dai bai dubi fuskokin da yake yi wa magana ba.

Wan mijina ya sunkuya ya daɗe yana kallon tasar. Sannan ya tambaya a hankali, da ladabi, hula a hannu.

"Likita, wannan abu, yaushe ya shiga cikinsa?"

"Bai shiga ba. Da irinsa aka haife ta. Tun tana cikin uwarta yake tare da ita."

"To. Haƙorin, na babba ne ko na yaro?"

Likita ya ƙara juya shi da hantsaki, ya kanne ido. "Sun fi kama da na yaro."

"An cire duka? Ba zai dawo ba?"

"Wannan ya fita. Amma jakar ƙwai biyu ce. Wani lokaci ɗaya gefen ma yakan yi."

Wan mijina ya ce ya gode, ya sa hularsa. Ina kwance, ɗinki ya hana ni ko ɗaga kai, ina ji a jikina kowace amsa tana rufe mini ƙofa. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake faɗa game da maita: a ciki take zama, da ita ake haifuwar mutum, daga uwa ake sha, kuma yara take ci. Likitan nan ya yi shekaru yana wa'azi da Hausa, yana cin tuwon acca a gidajen mutane, amma bai san wannan ba. Ko ya sani ya ɗauka baftisma ta wanke shi daga kawunan mutane. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kin gani? An wanke ki." Da ina da ƙarfi da na cije hannun.

Ga kuma abin da ni na manta, wan mijina bai manta ba. A Kirsimetin da ya wuce kafin cikin ya fito, na je ƙauye, na goya ɗan autansa, yaro mai fara haƙori, na yi masa wasa. Bayan na dawo baƙon dauro ya shiga ƙauyen ya kwashe yara, har da shi. Na yi kukan yaron nan kamar nawa. Yanzu ga haƙoran yaro a tasa.

Ranar Lahadin farko da na iya takawa zuwa majami'a, fasto ya sanar cewa an bincika, 'yar'uwarmu ba ta yi zina ba, an ɗage horo. Aka ce amin a ciki-ciki. Na koma bencina na da, sai na ga ya yi mini faɗi, kowa ya matsa. Da aka zo Jibin Ubangiji, ƙoƙo ɗaya ne ke zagayawa. Na sha na miƙa wa ta kusa da ni, matar da muka yi shekaru muna waƙa kafaɗa da kafaɗa. Ta karɓa da bakin mayafi, ta kai kusa da leɓe, ta miƙa gaba ba ta sha ba. Haka ya bi layin har ƙarshe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: zargin zina yana da ɗaki, yana da dattawa, ana kiran mutum ya amsa. Wannan sabon kuwa ba wanda zai furta shi, domin mu masu bi ne, an ce mun bar waɗannan abubuwa. Ba a tuhume ni ba balle in kare kaina. Na je wurin fasto na ce ya hau bagade ya faɗi kalmar da bakinsa, ya ce ƙarya ce. Ya ce in an ambata abu ana ƙara masa ƙarfi ne, mu sa a addu'a. Iyaye suka fara roƙon hedimasta a mayar da 'ya'yansu ɗaya ajin. Mai ƙosai ta ƙofar makaranta ta koma ajiye mini canji a kan tire maimakon tafin hannuna.

Likita kuma ya sa abin a kwalba da ruwan magani, ya ɗora a kanta a ɗakin da ake koyar da masu jinya. Labari ya bazu. Mutum zai zo allura daga ƙauye ya roƙi mai shara ya leƙa da shi ya ga haƙoran Malama. Da na koma a duba ɗinki na ce ya ba ni kayana. Ya ce abin koyarwa ne mai wuyar samu, zai amfani mata da yawa nan gaba. Na gaya masa abin da ake faɗa a gari. Ya yi jajir, ya ce wannan jahilci ne, zai je ƙauyen da kansa ya yi musu bayani. Na ce, "Likita, don Allah ka zauna. Bayanin da ka yi ya isa." Ban fita da kwalbar ba, kuma ban sake taka asibitin ba.

Mijina ya samu hutu daga ƙarshe. Ya sauka daga jirgi, ya wuce ƙauye wurin wansa, ya biya asibiti ya ga kwalba, sannan ya zo gidana. Mutumin da aka ce ya shiga ruwan harsashi bai ja da baya ba, ya zauna a bakin kujera yana juya hula. Na nuna masa ɗinkin, ya kau da kai. Na dafa masa doya da miyar da yake so, ya ce ya ci a hanya. Na ce, "Ka je ka ɗauko mini 'yata." Ya ce shi bai yarda da zancen ba, Allah ya sani, amma yaya ne, kuma yaya yana cikin baƙin cikin ɗansa, a bari ƙura ta lafa. Na ce ƙurar ta shekara tana tashi. Ya ce in yi haƙuri. Hutunsa ya ƙare ya hau jirgi. Ban raka shi tasha ba.

Aka yi hutun Kirsimeti. Na ɗaura zanena mai kyau, na sa takalmin yarinyar a jaka ko da yake na san ya yi mata kaɗan, na shiga ƙaramar bas. Inda mota ta tsaya na sauka na bi 'yar hanya da ƙafa. Lokacin citta ne, an fere an baza a kan kowane falalen dutse, ƙamshinta har yaji yake a hanci. Waɗanda na gamu da su a hanya suka amsa gaisuwata daga cikin ciyawa.

A zuwana na baya, a bakin shingen ƙerana nake tsayawa ina roƙo, kamar mai neman aikin gona. Wannan karon ban yi sallama ba. Na shiga tsakar gida, na kifa turmi na zauna a kai. Mata suna fere citta, yara suna wasa a gindin rumbu. Na tashi na buɗe randarsu, na ɗebi ruwa da moɗarsu na sha, na mayar da sauran ciki. Sannan na koma kan turmi na fara kiran yaran gidan da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, da murya mai daɗi, ina cewa wannan ya yi ƙiba, wancan ya yi tsawo, ku zo ku gaishe da mamarku. Wuƙaƙe suka faɗi daga hannun mata. Kowace ta suri nata ta yi ɗaki. Wata amaryar gidan mai goyo ta rasa hanyar gudu, na miƙa hannu biyu na ce, "Kawo shi in gani, ya fara haƙori?" Ta fasa ihu.

Aka kira wan mijina daga gona. Ya shigo da fartanya a kafaɗa, ya tsaya nesa.

"Malama, me ya kawo ki?"

"Gidan mijina ne, Baba. Na zo Kirsimeti. Sai makaranta ta koma zan tafi."

"Babu ɗaki."

"Ba komai. Zan kwana da yara."

Ya sauke fartanyar. Ya ce, "Ke ba ki jin tsoron Allah?"

Na ce, "Ina ji. Me na yi? Ruwa na sha, yara na gaisar. Ku dattijon ikilisiya ne, kun fi ni sanin babu abin tsoro a jikina. Ko akwai, Baba? In akwai ku faɗa da bakinku, ga mutane suna ji, gobe mu je gaban fasto ku maimaita."

Bakin shinge ya cika da maƙwabta. Ya dube su, ya dube ni. In ya faɗa, ya sauka daga kujerar dattijo. In bai faɗa ba, zan kwana. Na zauna ina kaɗa ƙafa a kan turminsa, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Tun da aka fara wannan masifa ranar ce kaɗai tsoro ya koma ɗaya gefen.

Ya juya wajen ɗakin matarsa ya ce, "A kawo masa yarinyansa. Ya tafi."

Aka turo ta daga bayan ƙofa, ashe duk abin nan tana leƙe. Ta yi tsawo, ta rame, an aske mata kai. Na durƙusa na buɗe hannu. Ba ta zo ba. Ta tsaya da tafin hannunta a kan bakinta, idanunta a kan cikina. Na kama ɗaya hannun muka fita. Ban yi wa kowa sai an jima ba, har yau kuma ban yi ba. Da wan mijina ya rasu shekaru bayan haka na aika da buhun masara, ban je ba.

A bas ba ta ce uffan ba. A gida ma haka. In na yi mata magana sai ta gyaɗa kai, hannu a baki. Ba ta cin tuwo, ba ta cin doya, sai kunu, shi ma ta juya wa bango fuska take sha. In na matso ta matsa. Na fito da guntayen allinta da na adana, ba ta taɓa ba. Na ɗauka fushi take yi don na bari an tafi da ita. Sai da na ga ɗigon jini a bakin kofinta na gane: famfara ta fara. Haƙorinta na gaba yana girgiɗi, tana tare shi da harshe kada ya fita. Yaran unguwa in haƙori ya faɗi sukan rufe baki kada ƙadangare ya ga wawulon, wai sabo ba zai fito ba, su jefa tsohon a kan rufi suna dariya. 'Yata ba ƙadangare take ɓoye wa ba. Ban san da wace kalma dangin mijina suka gaya mata ba, amma sun gaya mata abin da uwarta ke yi da haƙoran yara.

Na shiga bayan gida na toshe bakina da zane na yi kuka. Na tsine wa wan mijina, na tsine wa tasa, da kwalba, da murmushin likita, da addu'ar fasto. Na fito na wanke fuska na dama mata kunu. Ban ce ta buɗe baki ba. Me zan ce? Ta ga yadda mata suka gudu daga gabana da idonta.

Wata safiya ina wanki a ƙofar ɗaki, jirgin kaya yana wucewa, sai na ji an tsaya a bayana. Na waiga. Ita ce, hannayenta biyu a ƙasa, leɓenta da ɗan jini, ga wawulo a gaba.

Na ce, "Ya fita? Ina yake, mu jefa a rufi?"

Ta ce, "Na haɗiye."

Maganarta ta farko ke nan gare ni tun ranar da aka ɓamɓare yatsunta daga zanena. Ta haɗiye shi ne don kada in samu. Sai bayan ya wuce maƙogwaro ta tuna inda ya tafi. Ta dafe cikinta da hannu biyu, hawaye suka ɓalle.

"Mama, yanzu ni ma akwai haƙori a cikina. Za su yanka ni su sa a tasa?"

Duk faɗin garin nan ba ta da wanda za ta yi wa wannan tambayar sai ni. Na goge kumfa a zanena na ce, "Ba mai yanka ki. Gobe ko jibi zai fita da kansa in kin je bayan gida. Zo in ji inda yake."

Ta share hawaye. Sannan ta tako, ta ɗaga rigarta, na ɗora hannuna mai sanyin ruwa a kan cikinta, ta bar shi a wurin.